Daga Jikin Majinyaci Zuwa Ɗakin Gwaji: Tambayoyi da Amsoshi Kan Adana Samfuran Ƙwayoyin Cuta da Jigilarsu

Ma'aikatan ɗakin gwaji sun daɗe da sanin cewa mafi yawan kurakuran da ke ɓata sakamako tun kafin samfur ya hau na'ura suke faruwa: wajen ɗiba, wajen ajiya, ko a kan hanya. Komai ƙwarewar mai gwaji, ba zai ga ƙwayar da ta mutu a hanya ba, kuma ba shi da yadda zai bambance wadda ta fito daga jikin majinyaci da wadda ta hayayyafa cikin kwalba. Alƙaluman da ke ƙasa ƙa'idodi ne na gama-gari. Idan ɗakin gwajin da kake aika wa ya ba ka nasa umarnin, shi za ka bi. Duk digirin da aka ambata na ma'aunin Salshiyas ne.

Idan aka ce a adana samfur, me ake karewa takamaimai?

So ake samfur ya isa kamar yadda ya bar jiki: ƙwayar da ake nema ba ta mutu ba, waɗanda ba a nema kuma ba su yi yawan da za su danne ta ba. Sai dai abin da ake kira lalacewa ya danganta da irin gwajin. Idan raino za a yi, wato a shuka ƙwayar a kan abincinta a jira ta tsiro, dole ta iso da ranta. Idan gwajin PCR ne, mai neman sinadaran gado na DNA ko RNA, gawar ƙwayar ma ta wadatar, muddin sinadarin bai wargaje ba. Idan kuwa sinadaran garkuwar jiki ake nema a ruwan jini, kamar yadda ake yi wajen tabbatar da ƙyanda, to ƙwayar ba ta cikin lissafi sam.

Shi ya sa kafin ka tambayi inda za ka ajiye, sai ka fara sanin gwajin da za a yi. Ajiyar da ta dace da PCR tana iya kashe raino murus.

Ba sai a sa komai a firji a huta ba?

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, yana takure hayayyafar bakteriya, don haka ya dace da fitsari, da kaki, da ruwan jinin da aka tace, da yawancin samfuran bairos. Amma akwai ƙwayoyi 'yan gata waɗanda ba su saba da komai ba sai ɗumin jikin mutum, digiri 37. Neisseria meningitidis mai jawo sanƙarau tana cikinsu, haka Haemophilus influenzae da Streptococcus pneumoniae, da kuma Neisseria gonorrhoeae ta ciwon sanyi. Dare ɗaya a firji ya isa ya sa washegari a shuka su a ga wayam.

Kwalaben rainon jini ma ba sa shiga firji. A zafin ɗaki ake barin su, a yi ƙoƙari su isa na'urar ɗumi cikin awa 2 zuwa 4. Haka mugunyar da aka zuƙo daga ƙurji mai zurfi don neman ƙwayoyin da iskar oksijin ke kashewa: iskar ta fi narkewa cikin ruwa mai sanyi, saboda haka firji ƙara musu guba yake yi. Gudawar da ake neman amiba mai motsi a cikinta kuwa, cikin minti 30 ake so a duba ta, tun da sauran ɗumi. Da ta huce amibar ta daina motsi, gane ta ya zama aiki. Sai kankaren fata da gashin da ake ɗiba don gwajin makero, waɗanda ba sa son komai sai busasshiyar takarda mai tsabta da aka naɗe su a ciki.

Mun ɗebi ruwan laka, ɗakin gwaji kuma yana da nisa. Yaya za mu yi?

Ruwan laka shi ne samfurin da ya fi kowane gaggawa. Da wahala ake samun sa, ba kuma a son sake soka wa majinyaci allura a gadon baya don kawai na farko ya lalace. Abin da ake so shi ne a fara aiki a kansa cikin awa ɗaya. Idan hakan ba zai yiwu ba, akwai kwalbar Trans-Isolate, wadda aka yi musamman don ƙwayoyin sanƙarau. Rabinta abinci ne daskararre, rabi ruwa. A goge robar bakinta da barasar asibiti, a zuba mililita 1 na ruwan lakar da sirinji. Idan za ta wuce awa 24 kafin a tafi da ita, a soka mata allura mai toshin auduga don iska ta riƙa shiga, a cire allurar kafin a naɗe don tafiya.

Ga inda mutane ke rikicewa: kwalbar da ba a yi amfani da ita ba a firji take zama, amma sai an fito da ita ta sake ta dawo zafin ɗaki kafin a zuba samfur, kuma da zarar samfur ya shiga, ta yi sallama da firji ke nan. Kason da aka ware don PCR a wani ƙaramin bututu daban, shi kam yana son sanyi, har daskarewa.

Me ya sa ake mayar da fitsarin da ya wuce awa biyu a waje?

Saboda a rainon fitsari ƙidaya ake yi. Wanda ya yi fitsari a kwalba, komai tsabtarsa, 'yan ƙwayoyi kaɗan daga fata za su biyo. Abin da ke nuna cuta shi ne yawa, kuma mizanin da aka saba da shi ƙwaya 100,000 ne a mililita ɗaya. Escherichia coli, idan ta samu yadda take so, cikin minti 20 take ninka kanta. Yi lissafi: ƙwaya 1,000 marasa ma'ana, idan suka ninka sau bakwai, sun zama 128,000. Sai a rubuta wa mai lafiya maganin da ba ya bukata.

Mafita ita ce firji, har zuwa awa 24, ko kwalba mai sinadarin borik asid. Ita wannan kwalbar sai an cika ta zuwa layin da aka zana. Idan fitsarin ya yi kaɗan, sinadarin zai yi ƙarfin da zai kashe ƙwayoyin da ake son ƙirgawa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Mene ne amfanin kunun da ke ƙasan bututun tsinken auduga? Abincin ƙwayoyin ne?

A'a, da gangan ma aka hana shi abinci. Aikinsa ya hana bushewa, ya daidaita tsami, ya rage illar oksijin, ya riƙe ƙwayoyin da rai ba tare da sun hayayyafa ba. Da an sa abinci, masu saurin girma za su cinye su rufe wadda ake nema. Robert Stuart ne ya fara haɗa irin wannan a birnin Glasgow cikin shekarun 1940, saboda ƙwayar ciwon sanyi. Daga baya aka lura cewa wani sinadarin da ke cikin haɗin nasa yana ciyar da ƙwayoyin hanji, sai wani masani mai suna Amies ya canza shi a 1967, ya kuma zuba garin gawayi mai tsotse abubuwan da ke cutar da ƙwayoyi masu laushi. Baƙin kunun da kake gani a wasu bututan ke nan.

Na bayan gida shi ne Cary-Blair, wanda aka fitar a 1964. Bayan gida yana ƙara tsami yayin da yake hucewa, Shigella mai jawo atuni kuwa ba ta jure tsami ko kaɗan. Don haka idan ba za a shuka cikin awa 2 ba, a tsoma tsinken auduga a bayan gidan, musamman inda jini ko majina yake, a nutsa shi can ƙasan Cary-Blair, a sa a sanyi. Ƙwayar kwalara, Vibrio cholerae, ta fi juriya a cikinsa, tana kwanaki a zafin ɗaki. Idan ma babu Cary-Blair lokacin annoba, ana jiƙa takardar tacewa da gudawar, a ɗiga mata ruwan gishirin asibiti, a rufe a leda ko bututu yadda ba za ta bushe ba. Ruwan gishiri mai gilisarol, wanda ke aiki ga wasu ƙwayoyin hanji, bai dace da kwalara ba.

Samfurin bairos fa, firji ko firiza?

Bairos ba ya hayayyafa a wajen ƙwayar halitta mai rai, saboda haka daga lokacin da aka ɗebe shi raguwa kawai yake yi. Ruwan jigilarsa yana ɗauke da gishirin daidaita tsami, da ɗan furotin mai kare shi, da magungunan kashe bakteriya da fangas. Wannan na ƙarshen shi ne dalilin da ba a aika tsinken da ke cikin ruwan bairos a ce a yi rainon bakteriya da shi. Tsinken kansa ya zama na roba mai kan nailan ko Dacron. Na katako da mai kan kalsiyam aljinet suna da abubuwan da ke hana PCR aiki.

Idan zai isa cikin awa 48 zuwa 72, firji ya wadatar, ya ma fi. Idan zai wuce haka, sai digiri 70 ƙasa da sifili ko abin da ya fi haka sanyi. Firizar da aka saba da ita, mai digiri 20 ƙasa da sifili, tarko ce: ga ido samfur ya daskare, alhali lalacewa na ci gaba a hankali, kuma bairos masu lulluɓin kitse kamar na mura da RSV mai kama hanyoyin numfashi suna rasa ransu a cikinta. Mafi muni ita ce firizar da ba ta tara ƙanƙara, domin dabararta ita ce ta riƙa ɗumama kanta lokaci-lokaci. Wanda ba shi da firiza mai 70, sau da yawa gara ya bar samfurin a firji ya gaggauta aikawa.

Mene ne laifin a narkar a sake daskararwa?

Duk lokacin da ruwa ya daskare, ƙanƙara tana fitar da tsinaye masu huda bangon ƙwayoyi, gishirin da ya rage kuma yana taruwa wuri guda ya yi ƙarfi. Idan aka narkar, sinadaran da ke cin RNA sukan farka su kama aiki, kuma suna ko'ina, har a fatar hannu. Kowane zagaye da abin da yake tafiya da shi. Maganin mai sauƙi ne: tun ranar farko a raba samfurin cikin ƙananan bututai uku ko huɗu, duk lokacin da ake bukata a ɗauki ɗaya.

Akwai ruwan jigilar da aka ce ba ya bukatar sanyi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma an yi amfani da shi sosai lokacin annobar korona. Yana ɗauke da sinadarin guwanidin, wanda ke fasa ƙwayar nan take ya kuma kare RNA ɗinta a zafin ɗaki. Riba biyu ke nan: babu neman ƙanƙara, haɗarin kamuwa kuma ya ragu. Amma ƙwayar ta riga ta mutu, ba maganar raino. Abu na biyu da ya kamata kowa ya riƙe: idan irin mai guwanidin tayosayanet ya haɗu da ruwan bilic, yana fitar da iskar sayanaid mai kisa. Idan ya zube, kada a yi saurin kwara masa bilic kamar yadda aka saba.

Jini: wace kwalba, kuma a daskarar da shi?

Jinin da ba a tace ba, ba a daskarar da shi. Jajayen ƙwayoyin za su fashe, ruwan ya rine, gwaje-gwaje da dama su rikice. Don gwajin garkuwa, a bar jinin ya yi guda a kwalbar da ba ta da maganin hana sandarewa, a juya shi a na'ura, a tsiyaye ruwan saman zuwa wani bututu. Wannan ruwan yana mako guda a firji, kuma shi kam firiza mai 20 ta yi masa daidai.

Don PCR, kamar auna yawan ƙwayar ƙanjamau, kwalba mai EDTA, wani maganin hana jini sandarewa, ake amfani da ita, galibi mai murfi ruwan malmo. Ta hefarin, mai koren murfi, tana hana PCR aiki. A raba filasma, wato ruwan jinin da bai sandare ba, cikin awa 6 zuwa 24, gwargwadon umarnin gwajin. Na zazzaɓin cizon sauro kuwa, mafi kyawun adanawa shi ne a shafa jinin a gilashi nan take ya bushe, domin ƙwayar tana sauya kamanni idan ta jima a EDTA. Siririn shafi ake kafewa da metanol, mai kaurin ba a kafe shi.

Idan babu firji, babu ƙanƙara, babu na'urar juya jini?

Nan ne ɗigon jini a takarda ya yi rana. Wani likita Ba'amurke, Robert Guthrie, shi ya yaɗa dabarar a farkon shekarun 1960 don gwajin jarirai, yau kuma da ita ake gano ƙanjamau a jarirai a ƙasashe da yawa. Ana ɗiga jinin cikin da'irorin da aka zana a katin har ya ratsa bayansa, a kwantar da katin ya sha iska aƙalla awa 3 zuwa 4, ba a rana ba, ba kusa da wuta ba, kada kuma wani kati ya taɓa wani. Bayan ya bushe ƙayau, a sa shi a leda mai zif tare da 'yan ƙullin sinadarin tsotse laima. Laima ce abokiyar gabarsa. Katin da aka rufe da sauran danshi fumfuna zai yi.

Kakin tarin fuka yana jure kwana nawa?

Ita ƙwayar tarin fuka tana da taurin rai, bangonta mai kitse ne. Matsalar maƙwabtanta ne, ƙwayoyin baki da maƙogwaro, waɗanda ke ninka kansu cikin mintuna alhali ita tana ɗaukar kusan yini guda kafin ta rabu biyu. Idan suka yi yawa, sai an wanke kakin da sinadari mai ƙarfi, wanda zai tafi da wasu daga cikin ƙwayoyin tarin fukan ma. Don haka kakin raino yana son firji da saurin aikawa, kada ya haura mako guda. Na gwajin Xpert, wani nau'in PCR na tarin fuka wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, yana iya kwana 3 a zafin da bai wuce digiri 35 ba, ko har kwana 10 a firji. A kiyaye shi daga hasken rana.

Akwai sinadarin CPC da ake zubawa idan tafiya za ta yi tsawo. Kakin da aka zuba wa shi ba ya shiga firji, domin sinadarin yana daskarewa ya daina aiki, kuma bai dace da rainon cikin ruwa ba. A tambayi ɗakin gwaji kafin a zuba.

Me ya sa aka tsananta ƙa'ida a samfurin shan inna?

Saboda a nan sakamakon "ba a samu ba" shi ne abin da duniya ke dogaro da shi wajen cewa cutar ta ƙare a wata ƙasa, kuma ba shi da daraja sai an tabbatar samfurin mai kyau ne. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ana ɗibar bayan gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24 domin bairos ɗin ba kullum yake fita daidai ba, cikin kwana 14 da fara shanyewar. Kowanne ya kai giram 8 zuwa 10, kamar girman babban yatsan babba. Ya isa ɗakin gwaji cikin awa 72 da sauran ƙanƙara a akwatin. Akwatin da aka ɗauki bayan gida da shi ba ya komawa ɗaukar allurar rigakafi.

An ciro tsoka a tiyata. A sa ta a fomalin?

Kason da za a yanka a duba a madubin likita kaɗai. Fomalin, sinadarin da ke hana tsoka ruɓewa, yana kashe duk wani mai rai. Kason raino a kwalba mai tsabta yake tafiya, da ɗan ruwan gishiri don kada ya bushe. A raba tun a ɗakin tiyata.

Mene ne naɗi mai hawa uku?

Shi ne tsarin da duk duniya ta amince da shi, a mota ne ko a jirgi. Hawa na farko ita ce kwalbar samfurin, mai murfin murɗawa da ba ya yoyo. Na biyu wani mazubi ne shi ma marar yoyo, da auduga ko takardar tsotsa wadda za ta iya shanye duk ruwan idan kwalaben suka fashe gaba ɗaya. Idan kwalaben da yawa ne, a naɗe kowacce daban don kada su gogi juna. Na uku akwati ne mai tauri wanda ke ɗauke da adireshi da alamomi. Takardun neman gwaji a leda suke zama tsakanin hawa na biyu da na uku, ba a nannaɗe su jikin kwalba.

Ga jirgin sama akwai ƙari: hawa na farko ko na biyu dole ya jure bambancin matsin iska na kilofaskal 95, domin idan jirgi ya yi sama matsin waje yana raguwa, iskar cikin kwalba ta turo murfi.

Mece ce ma'anar Rukunin A da Rukunin B?

Rabe-raben dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya ne kan kaya masu haɗari, wanda kamfanonin jiragen sama ke bi ta hannun ƙungiyarsu IATA. Rukunin A shi ne abin da idan ya zube zai iya kashe mai lafiya ko ya nakasa shi har abada. Lambarsa UN2814 idan yana kama mutane, UN2900 idan dabbobi kaɗai. Ebola, Marburg da zazzaɓin Lassa suna nan a kowane hali, ko da jinin wanda ake zargi ne kawai. Wasu kuwa sai an raine su suke shiga: kakin mai tarin fuka Rukunin B ne, amma ƙwayar da aka shuka ta tsiro daga wannan kakin ta koma A, saboda yawanta ya ninka ba adadi.

Rukunin B, mai lamba UN3373, shi ne yawancin samfuran yau da kullum. Akwatinsa dole ya jure faɗowa daga mita 1.2, na Rukunin A kuwa daga mita 9 ake gwada shi. A jirgin fasinja ba a ɗaukar Rukunin A fiye da mililita 50 ko giram 50 a ƙunshi ɗaya, kuma mai aikawa sai ya samu horo da shaidar da ake sabuntawa duk shekara biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya: asibitin da bai tanadi akwatin Rukunin A da mutum mai shaida ba tun kafin annoba, samfurinsa a ƙasa zai kwana. Sanya samfur a aljihu ko jakar hannu a hau jirgi kuwa karya doka ne, komai ƙanƙantarsa.

Ƙanƙarar roba da busasshiyar ƙanƙara, yaya ake amfani da su?

Ƙanƙarar roba da aka ciro daga firiza tana da sanyin da zai daskarar da jinin da ya jingina da ita. A bar ta a waje har ta fara zufa, a ji motsin ruwa idan an girgiza, sannan a jera ta a gefunan akwati, a sa kwali tsakaninta da samfur. Ƙaramin ma'aunin zafi mai ajiye tarihi, idan akwai, shi ne zai faɗi gaskiyar abin da ya faru a hanya.

Busasshiyar ƙanƙara iskar kabon dayoksaid ce da aka daskarar, sanyinta digiri 78.5 ƙasa da sifili, lambarta UN1845. Ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take komawa kai tsaye, kuma kilo ɗaya yana ba da iskar da ta kai wajen lita 500. Daga nan duk ƙa'idodinta suka fito. Ba a kulle ta a mazubin da iska ba ta fita, sai ya yi bindiga. A wajen hawa na biyu take zama. A tokare hawa na biyun don kada ya yi ta gara bayan ƙanƙarar ta tafi. Ba a rufe gilashin mota ruf da ita a ciki, ba a taɓa ta da hannu tsirara. Murfin bututai kuma ya ɗauru sosai, domin iskar idan ta shiga tana mayar da samfur tsami. Tana raguwa da kilo 2 zuwa 5 a yini, don haka a lissafa da jinkirin hanya.

Ƙwayar da aka riga aka raina, shekara nawa za ta iya yi a ajiye?

Shekaru masu yawa. Bakteriya ana dama ta da ruwan abinci mai gilisarol kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, wanda ke hana tsinayen ƙanƙara yi mata illa, a ajiye a digiri 70 zuwa 80 ƙasa da sifili. Ruwan naitirojin yana kaiwa 196 ƙasa da sifili, sai dai idan ya kutsa cikin bututu yana iya fasa shi lokacin fitarwa, shi ya sa aka fi son ajiya a tururin da ke samansa. Akwai kuma busarwa cikin sanyi, inda ake zuƙe ruwan a liƙe garin a kwalbar gilashi.

Ƙarfin wannan dabarar ya bayyana a watan Yulin 2014, lokacin da ma'aikata ke kwashe wani tsohon ɗakin ajiya a harabar Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka da ke Bethesda, suka ci karo da kwalabe shida na busasshiyar ƙwayar agana tun na shekarun 1950. Cutar da aka sanar da kawar da ita a 1980, wadda wurare biyu kacal aka yarda su riƙe ƙwayarta, Atlanta a Amurka da Koltsovo a Rasha. Da aka gwada, ƙwayar ta tsiro daga kwalabe biyu. An lalata su a 2015 a gaban wakilan Hukumar Lafiya ta Duniya. Ajiyar ta yi kyau matuƙa, rajista ce babu. Duk mai firiza ya san abin da ke cikin kowane akwati, da wanda ke da izinin buɗewa.

Idan wuta ta ɗauke, kada a yi ta buɗe ƙofa ana leƙawa. Firizar da take cike ta fi wadda ba komai a ciki riƙe sanyi. A rubuta lokacin da ta ɗauke da zafin da aka tarar.

Me ake rubutawa a jikin kwalba?

Shaida biyu ta majinyaci, kamar suna da lambar asibiti, sai irin samfurin, da kwanan wata da lokacin ɗiba. Lokacin nan da ake yawan tsallakewa shi ne ke gaya wa ɗakin gwaji ko samfurin yana da sauran amfani. A jikin kwalba ake rubutawa, don murfi yana musanyuwa, kuma a gaban majinyaci, da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa. A takarda a faɗi ko an riga an fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. In da hali ma a ɗebi samfur kafin a ba da shi. Idan ana zargin cuta mai tsananin haɗari, a buga waya tun kafin akwatin ya tashi.

Ɗakin gwaji ya ƙi karɓar samfurinmu. Ba ɓata wa majinyaci lokaci ba ne?

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sakamakon da ya fito daga kwalba marar suna, ko wadda ta yi yoyo, ko tsinken da ya bushe, likita zai karanta shi ne a matsayin gaskiya, ya dakatar da magani ko ya sallami mai cuta ya koma cikin jama'a. Fitsari, kaki da bayan gida duk ana iya sake ɗiba, don haka ana mayar da su.

Waɗanda ba su da madadi, kamar ruwan laka, tsokar tiyata, ko jinin da aka ɗiba kafin a fara magani, ba a zubar da su. Ɗakin gwaji zai kira wanda ya ɗiba ya tantance, a yi gwajin, sannan a rubuta a jikin sakamakon halin da samfurin ya iso. A irin wannan, idan aka samu ƙwayar, sakamakon yana da nauyi. Idan ba a samu ba, likita ya ci gaba da magani bisa abin da ya gani a jikin majinyacinsa.